Tun da na dawo daga Kantin Kwari nake son ajiye aiki in kama ɗinki, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana.

Shekarata 34, da aurena da yara uku, muna zaune a Tudun Wada, Zariya. Shekara tara ke nan ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi. Ɗinki kuwa tun ina budurwa nake taɓawa, da keken Butterfly na mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, har yau shi nake takawa. Kayan yarana duk ni ke ɗinkawa, sai na yaran 'yan uwa in sun matsa. Ban taɓa karɓar komai ba sai kuɗin zare.

A hutun Ista, da yake Juma'a da Litinin ba aiki, ni da ƙanwata muka hau mota a Kwangila muka tafi Kano gidan Yaya. Ranar Asabar ta kai mu Kantin Kwari. Wallahi kasa tafiya na yi. Na tsaya ina shafa wata atamfa mai ruwan ganye, ina yanka ta a zuciyata, nan hannu, nan wuya, har mai shagon ya ce, "Hajiya, ke tela ce ko?" Nauyin baki ya hana ni cewa e. Washegari muka je gidan ƙawar Yaya da ta bar aikin banki, ta mai da shagon ƙofar gida wurin ɗinki, kekuna huɗu, 'yan mata na koyo. Kafin mu iso Kwanar Dangora a hanyar dawowa, raina ya riga ya fita daga aji.

Albashina bai kai ko naira dubu 70 ɗin da gwamnati ta sa a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba. Maigida ya ce ba zai hana ni ba, amma in yi tunani. In ajiye a ƙarshen zangon nan ne, ko in haƙura?

Maman 'yan biyu, Samaru: Wa alaikumus salam. Ki yi istihara tukuna 'yar uwa. Allah Ya zaɓa miki mafi alheri.

Tela a Sabon Gari: Malama, shekarata 20 a kan keke, kuma zan faɗa miki gaskiya. Ɗinka wa ɗanki daban, ɗinka wa mai kuɗi daban. Ɗanki in hannun riga ya ɗan karkace zai sa ya fita wasa. Mai kaya kuwa turmin atamfarta yadi shida ne, in almakashinki ya kauce sau ɗaya, ke za ki biya, ta kuma ba da labarinki a gidan biki. Don haka tambayata: kin iya yanka a jikin manya? Mai ƙiba, mai tsawo, wadda za ta miƙo miki hoto a waya ta ce irin wannan? A yanka ake gane tela, ɗinkin kowa na iyawa. Sannan sana'ar nan kaka gare ta. Daga tsakiyar azumi ba ma barci, haka kafin babbar sallah, amma in damina ta yi nisa sai ki wuni kina kallon titi. Keken ƙafa ba zai ɗauke miki aikin sallah ba, za ki nemi na lantarki da na wibin, wato mai daje bakin yadi. Wuta kin san halinta, man janareta kuma tun da aka cire tallafi a 2023 ya zama abin da ya zama. Ban ce kar ki shigo ba, da ita na yi aure na gina gida. Ki shigo da lissafinki, tunda ma ke malamarsa ce.

Uwargida daga Gyallesu: Ni na yi abin da kike son yi, kuma ban yi nadama ba, sai dai shekarar farko na sha wuya. Ba rashin aiki ya kusa karya ni ba, 'yan uwa ne. Wanda ya saba ki yi masa kyauta, ran da kika faɗi farashi sai ya ce kin canza. Tun yanzu ki fara karɓar kuɗi, rabi kafin ki sa almakashi, har a wurin ƙanwar taki. Kar ki saki reshe ki kama ganye: ki ba wa kanki Asabar da Lahadi har sallah biyu su wuce, ki rubuta komai a littafi.

Wani ɗan uwa daga Hanwa: Ki duba ko makarantar na zuba miki fansho. In suna yi, dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cirar kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara, idan ya yi wata huɗu da barin aiki bai samu wani ba. Zai iya zama jarin keke.

Hajiya daga cikin Birni: 'Yata, kin je Kano kin ga atamfa, kin manta garin da kike. Zazzau ce gidan aikin hannu. Aska takwas da aska biyu, wato aikin allura na babbar riga, a zaurukan cikin Birni ake zama a kansu, mata kuma na yin nasu a cikin gida. Ki koyi sa aikin allura a wuyan rigar mata, ba za ki yi gogayya da kowane shago ba. In kin shigo ta Ƙofar Doka ki neme ni, zan haɗa ki da masu yi.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Malam tela, ka taɓa inda ke min ciwo, ban taɓa yanka wa babbar mace ba sai kaina. Ba zan ajiye a zangon nan ba. Na yi magana da wata tela a layinmu, zan riƙa zuwa wurinta Asabar don yanka kawai. Kuma maganar Hajiya cewa na manta inda nake ta tuna min wani abu: makarantarmu waje take ba da ɗinkin yunifom duk shekara. Gobe zan shiga ofishin shugabar in nemi ta gwada ni da na aji ɗaya. Hajiya, zan turo miki saƙo bayan Isha'i in sha Allahu.