Raba uwar garke gida-gida: abin da muka tattauna a Birnin Kebbi

Ranar Asabar bayan la'asar muka zauna da masu kula da manyan kwamfutocin ofisoshi, kan yadda ake yanka uwar garke ɗaya, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, ta zama injuna da yawa, kowanne ana kiransa yanki.

Dattijon cikinmu ya fara da bambance iri biyu. A injunan Superdome na HP, tsarin rabon da ake kira nPar na raba allunan injin ne da kansu, har ta fuskar lantarki, don haka matsalar wani yanki ba ta tsallakawa zuwa maƙwabcinsa. LPAR, tsarin rabon injunan IBM Power, kuwa ya fi sassauci, ana iya ba yanki ƙasa da ƙwayar furosesa guda.

Inda aka fi daɗewa shi ne furofayil, wato saitin kowane yanki, a HMC, na'urar da ake sarrafa injunan IBM Power da ita. Kowane yanki ana rubuta masa mafi ƙaranci, abin da ake so, da mafi yawan memori. Ana iya ƙara masa yana cikin aiki, amma ba za a wuce iyakar saman ba sai an kashe shi an tayar. Wani matashi ya ce hakan ta same shi ranar biyan albashi, ma'aikata cike da baranda suna jira. "Yallaɓai, da na sani da na ɗaga iyakar tun farko." Ni ma shawarar da na fi riƙewa ke nan.

An kuma ce a kafa VIOS biyu, wato yankin da ke raba wa sauran yankuna faifan ajiya da hanyar sadarwa, kar duk yankuna su rataya ga ɗaya, a riƙa adana kwafin saitin HMC a waje.

Sai zafin Afrilu. Yanki goma cikin akwati ɗaya suke, in na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya, duka za su tafi tare. A gwada janareto da batura kafin a ɗora aiki.