Zan tafi binciken digiri wurin mutanen Gurung a Nepal, ku ba ni shawara

Ɗalibar Zariya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Allah ya nufa na samu tallafin digiri na uku, kuma malamin da ke duba aikina ya amince in yi shi a kan mutanen Gurung, mazauna gindin duwatsun Annapurna a ƙasar Nepal. Wata tara zan zauna a cikinsu in sha Allahu. Abin da ya ja ni shi ne yadda na ji samarinsu sun watse birane da ƙasashen waje, ƙauyuka sun koma na tsofaffi, al'ada tana neman ɓacewa. Ina so in je in tattara abin da ya saura. Wanda ya san abin da zan karanta, ko garin da ya kamata in sauka, ko ma abin da zan zuba a jaka, don Allah ya taimaka.

Baba Mai Ritaya:
Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya sa albarka. Ki fara da sunan. Gurung shi ne wanda maƙwabta da gwamnati suka sani, su kuwa Tamu suke kiran kansu, harshensu kuma Tamu Kyi, ɗan dangin harsunan Tibet da Bama ne, ba shi da haɗi da harshen Nepali sai aro. Ƙidayar 2011 ta samu mutum 522,641, amma waɗanda suka ce harshen ne na farko a bakinsu 325,622 ne. Tazarar nan da ke tsakanin lambobin biyu ita kaɗai ta isa babi guda.

Karatu kuwa, ki bi su a jere. Na farko Bernard Pignède, Bafaranshe, ya zauna a ƙauyen Mohoriya a 1958, ya rasu yana matashi a 1961, sai a 1966 aka buga littafinsa. Akwai fassarar Turanci ta 1993, ita za ki nema, domin an ƙara mata bayanai da gyare-gyare. Sai Alan Macfarlane na Jami'ar Cambridge, wanda ya zauna a Thak, arewa da birnin Pokhara, daga ƙarshen 1968 zuwa 1970. Ya ƙirga komai, gonaki, shanu, itacen girki, har kwanakin aikin mutum a shekara. A littafinsa na 1976 ya yi hasashen yawan jama'a zai cinye daji da gona. Da ya koma a 1986, ya kuma riƙa komawa kusan kowace shekara, sai ya tarar da wani abu dabam: mutane ne suka tashi suka bar gonakin. Shi da kansa ya rubuta cewa hasashen bai faɗa inda ya zata ba. Ina son ki karanta wannan da kyau, don ke ma yanzu da hasashe za ki tafi. Donald Messerschmidt ma ya fitar da nasa a 1976, a kan wani ƙauye a gundumar Lamjung, shi ya fi bin rigingimun cikin gari.

Hajiyar Maraɗi:
Ƙanwata barka da wannan rabo. Ni ba 'yar bincike ba ce, yawon buɗe ido ya kai ni da maigidana, muka kwana uku a ƙauyen Ghandruk. Abin da ba wanda ya gaya mini shi ne matakala. Ƙauyukan a jikin dutse suke, hanya duk matakalar dutse ce, ki hau ki hau har gwiwa ta fara rawa, sai ki ga tsohuwa ta wuce ki da kwando a baya, igiyarsa rataye a goshinta. Ki fara motsa jiki tun yanzu, ki sayi takalmi mai riƙe idon sawu, ki taka shi wata guda kafin tafiya. Daminarsu daga Yuni ne zuwa Satumba, lokacin matsattsaku ke cika ciyawa, ki riƙe gishiri a ƙaramin ƙulli. Oktoba da Nuwamba sun fi daɗin tafiya, sama tas, duwatsun ƙanƙara kamar ki miƙa hannu.

Abinci ba zai ba ki wahala ba. Shinkafa ce da romon wake da ganye, safe da yamma, suna ce masa dal bhat, akwai kuma ɗinɗo, wanda tuwo ne sak, na tamba ko masara. Nama dai ki haƙura da shi a ƙauye. A Pokhara akwai Musulmi da masallaci, can za ki samu yankan da hankalinki zai kwanta da shi. Sai raksi, giyar da suke dafawa da tamba, ita ce ruwan baƙo a wurinsu. Daren farko uwar gidan da muka sauka ta miƙo mini a ƙoƙon tagulla da hannu biyu. Na dafa ƙirji na ce addinina ya hana, mai yi mana jagora ya fassara. Ta tsaya ta dube ni, ta koma madafa, ta dawo da shayi mai madarar ɓauna. Har muka tafi ba ta sake kawo mini raksi ba, kuma da ta ga ina neman wurin salla ita ta share mini gefen baranda. Ki faɗa tun ranar farko, da fara'a, shi ke nan. Abu ɗaya ki kiyaye: abin da bakinki ya taɓa kada ya koma tukunya ko kwanon wani, babban abin ƙi ne a can.

Amma kada ki zauna Ghandruk don bincike. Nan aka fara shirin kare yankin Annapurna a 1986, baƙi sun yi yawa, kowa ya saba da tambayoyin baƙo har amsar ta zama hadda.

Mai Adana Sauti:
Malama, ki yi haƙuri, akwai kalma ɗaya a saƙonki da ta tsaya mini, wato "in tattara abin da ya saura". Mutanen nan ba su zauna jiran wani ya zo ya cece su ba. Tun 1990 suka kafa ƙungiyar Tamu Pye Lhu Sangh a Pokhara, musamman don riƙe karatun bakin masu addininsu na gargajiya, wato pachyu da klepri. Suna da cibiyarsu a birnin, da wurin ibada da ɗan gidan tarihi. Karatun nan da ka ake haddace shi, a wani tsohon harshe da ko Gurung ɗin gari ba ya gane shi duka, kuma yaro yakan shekara da shekaru a gaban malaminsa kafin ya iya. A bikin raka mamaci da suke kira pae, wanda ke ɗaukar kwana uku, masu karatun suna ambaton wurare ɗaya bayan ɗaya, hanyar da suka yi imani kurwa na bi zuwa wurin kakanni. Sunayen nan wurare ne na gaske a bayan ƙasa. 'Yan ƙungiyar su suka taka har kufan Kohla, tsohon garin da baitocin ke ambata, can sama a kan dutse, daga baya suka haɗa hannu da masu haƙar tarihi na Cambridge, da Judith Pettigrew, da wani pachyu mai suna Yarjung Kromchain Tamu, wanda sunansa ke kan littafin aikin na 2009 a matsayin marubuci tare da su. Ki ga bambanci. Don haka kafin ki hau kowane dutse, ki je wurinsu ki gaishe su, ki tambaye su wane aiki ne suke so a yi wanda ba su samu hannun yi ba.

Dalilin da ya sa abin ke ci mini rai: na yi shekaru a wani ɗakin ajiyar sauti a nan gida. Wata rana aka buɗe mana kabad, kaset sun fi ɗari uku, muryoyin tsofaffin mawaƙa da masu ba da tarihi da wani mai bincike ya ɗauka. Rima ta shiga, zaren ya manne, na sa ɗaya a rikoda sai ƙara kawai. A bayan kwalin ba a rubuta komai ba sai lamba, littafin da ke fassara lambobin ya tafi da mai shi. Jikokin mutanen nan suna raye, ba wanda ya taɓa jin muryar kakansa. Saboda haka: ki sayi rikoda mai kyau, kada ki dogara da waya. A farkon kowane ɗauka ki faɗi rana da gari da sunan mai magana, shi ma ya faɗi da bakinsa cewa ya yarda, da kuma wa ya yarda ya ji. Kwafi uku, ɗaya wurinki, ɗaya wurin iyalinsa, ɗaya wurin ƙungiyar. Ki ba su kafin ki bar ƙasar, ba bayan kin kammala digiri ba. Ki kuma leƙa Digital Himalaya a intanet, Macfarlane da Mark Turin suka kafa shi a 2000 don a mayar da tsofaffin hotuna da finafinai inda masu su za su gani.

Ɗalibar Zariya:
Na karɓi gyara Yaya, kuma na gode. Gaskiya ban san da ƙungiyar ba. Tambayata, ni mace, Musulma, baƙuwa, za a bar ni kusa da irin wannan karatu kuwa?

Ɗan Kumasi:
Anti me zai hana ki yi a kan Gurung masu ɗiban zuma? Na ga bidiyonsu, mutum na lilo a tsanin igiya a jikin dutse, hayaƙi na tashi, ƙudan zuma manya-manya. Tun da mujallar National Geographic ta buga hotunan Eric Valli a 1988 duniya ta san su da wannan.

Hajiyar Maraɗi:
Ƙanena abin kallo ne ƙwarai, amma aikin maza ne, sau biyu a shekara, kuma yanzu har shirya shi ake yi don baƙi masu biya. Wata tara ba za su tafi a kan wannan ba.

Baba Mai Ritaya:
'Yata, pae a bainar jama'a ake yi, gari duka ke taruwa, ba mai korar baƙon da ya zo da ladabi. Ki zauna inda mata suka zauna, ki kalla, ki rubuta, ba wanda zai ce sai kin sa hannu a ibadarsu. Ki sani dai su ma ba bakinsu ɗaya ba. Akwai masu kiran lama, wato malamin addinin Buddha, akwai masu riƙe da pachyu da klepri, wasu gidajen su haɗa, kuma an daɗe ana ja-in-ja a kan yanka dabba. Stan Mumford ya yi littafi guda a 1989 a kan wannan muhawara tsakanin lamomi da masu gargajiya.

Ni a ganina ƙofarki ta mata ce, kuma ta fi faɗi. Akwai rodi, gidan da 'yan mata da samari kan taru da dare a ƙarƙashin kulawar wata dattijuwa, ana saƙa ana waƙa, daga nan kuma ake haɗa nogar, wato ƙungiyar aikin gona ta karɓa-karɓa. Idan kin san gayya kin san rabin nogar. Rodi ya ja baya sosai, amma matan da suka tashi a cikinsa suna nan, wasu a ƙauye, da yawa a Pokhara. Akwai rawar ghatu, wadda 'yan mata ƙanana ke yi ido rufe, dattawa na rera labarin wani sarki da matarsa, ana kammala ta ranar da farin wata ya cika, tsakanin Afrilu da Mayu. Akwai kuma ƙungiyoyin iyaye mata, ama samuha, masu tara kuɗi da waƙa da rawa su gyara hanya, su hana caca. Ernestine McHugh ta zauna a gidan Gurung kamar 'yar gida, littafinta na 2001 zai nuna miki yadda zaman yake daga ciki.

Gargaɗi biyu. Tsofaffin littattafai sun raba su gida biyu, zuriya huɗu da zuriya goma sha shida, har da cewa ɗaya na sama da ɗaya. Maganar nan ta jawo ɓacin rai da shari'a, kuma Gurung da yawa sun ce daga waje aka ɗora musu ita. Kada ki tambayi mutum ɓangarensa. Na biyu, yaƙin 'yan tawayen gurguzu masu bin aƙidar Mao daga 1996 zuwa 2006 ya ci fiye da mutum 13,000, ya kuma ratsa ƙauyukan nan. Idan sun kawo zancen ki saurara, idan ba su kawo ba ki bar shi.

Jikan Sojan Bama:
Ni dai ba ni da ilimin nan, amma zancen ya taɓa ni. Kakana ya yi yaƙin Bama, kuma har ya rasu yana ambaton sojojin Gurkha, 'yan Nepal da ke cikin rundunar Ingila, da wuƙarsu mai lanƙwasa. Sai daga baya na gane Gurung na cikin manyan ƙabilun da Ingila ke ɗiba aikin soja tun lokacin yaƙinta da Nepal na 1814 zuwa 1816. Lachhiman Gurung da Bhanbhagta Gurung duk a Bama suka samu Victoria Cross, babbar lambar jarumta ta sojan Ingila, a 1945. Anti idan kin haɗu da tsohon soja ki gaya masa mutanenmu ma sun sha ruwan dajin nan, na tabbata hira za ta buɗe.

Mai Adana Sauti:
Wannan maganar soja ita ce ma bakin zaren ƙaurar. Fansho ne ya gina unguwanni a Pokhara, kuma tun da Birtaniya ta ba tsofaffin Gurkha izinin zama a 2009, iyalai da yawa suka koma can. Shi ya sa nake ganin ki raba zamanki, rabi a ƙauye, rabi a birni wurin waɗanda suka taso daga ƙauyen nan ɗin. Ki kuma duba batun rubutu: yawanci da baƙaƙen Devanagari, waɗanda ake rubuta Nepali da su, suke rubuta harshen, amma suna da nasu mai suna Khema, wanda ya shiga tsarin Unicode a 2024, ana iya buga shi a kwamfuta ke nan.

Ɗalibar Zariya:
Allah ya saka da alheri, na cika shafi huɗu. Na sauya tsari: zan bi matan da suka tashi a rodi, ƙauye ɗaya da 'yan'uwansu na Pokhara, zan kuma fara rubuta wa ƙungiyar wasiƙa. Saura takardu da lokacin tafiya.

Baba Mai Ritaya:
Ki nemi alaƙa da Jami'ar Tribhuvan a Kathmandu, cibiyarsu ta nazarin Nepal da Asiya ta saba karɓar baƙin masu bincike, ta nan takardar izinin zama ke bi. Shiga yankin Annapurna ma da nasa izinin, a Pokhara ko Kathmandu ake yanka. Ki sauka a Oktoba, ki ba harshen Nepali wata biyu, ki samu mace mai jin Tamu Kyi ta zama abokiyar aikinki, ki biya ta da kyau, sunanta ya fito a aikin idan ta yarda. Sabuwar shekararsu, Tamu Lhosar, tana kamawa wajen 30 ga Disamba, ki yi ta a Pokhara inda kowace ƙungiyar ƙauye ke fitowa da kayanta, a nan za ki zaɓi garinki. Daga Janairu ki hau dutse, ghatu zai same ki a can, ki sauko kafin ruwan Yuni ya kankama.

Hajiyar Maraɗi:
Ki tafi da hotunan gidanku a takarda, da mamanki da gonarku da tukunyar tuwo. Uwar gidan nan ta Ghandruk hoton jikokina ta riƙe ta fi minti goma tana tambayar sunan kowa. Ki sa rigar sanyi mai kauri biyu, Janairu a can ba wasa ba ne.