Aikin gidan da nake raino a Jamus ya yi min yawa, kuma na kasa buɗe baki

Ummulkhairi: Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah waɗanda suka san kan zaman Jamus ku taimaka min da shawara, abin ya tsaya min a wuya.

'Yar Kaduna ce ni, shekarata 23. Na shigo ƙarshen watan Agusta da bizar o-peya, wato ki zauna gidan mutane ki taya su rainon yara, su ba ki ɗaki da abinci da ɗan kuɗin kashewa, ke kuma ki koyi yarensu. Gidan da na samu a wani ƙauye yake a jihar Bavariya. Mata da miji duk ma'aikata ne, yaransu uku: babban yana aji biyu a firamare, mai bi masa shekararsa 4, sai auta da bai cika shekara 2 ba. Ga kuma kare.

Kafin in zo an ce min autan zai samu gurbi a kita, gidan renon yaran nan nasu, a watan Satumba. Har yau bai samu ba, don haka yana hannuna tun safe. Shida da rabi ina kicin ina yanka burodi da tuffa da karas ina zubawa a 'yan robobin makaranta. In sa wa mai shekara huɗun rigar sanyi da hula da safar hannu, kafin in juyo ya cire hular ya jefar. In tura keken jarirai cikin duhu da sanyi in kai shi, in dawo da autan. Da ya yi barcin rana sai in duba takardar da matar gidan ke liƙawa a jikin firij: guga, wanke banɗakuna, goge tagogi, fita da kare. Ba na samun kaina sai bayan cin burodin nan nasu na yamma. Sau biyu a mako kuma suna fita da dare, su ajiye min na'urar jin kukan jariri a ɗakina na ƙasa. Darasin Jamusanci da na fara a cikin gari yanzu rabinsa nake samu, domin bas sau ɗaya yake wucewa a awa.

Ga la'asar da magariba sun matso kusa da juna, daidai lokacin ɗauko yara. Kwanaki kuma an ajiye min tsiran alade aka ce in soya musu.

Abin da ya ɗaure min baki shi ne ba mugaye ba ne. Ita ta saya min rigar sanyi, mijin kan biya shagon Turkawa ya sayo min naman halal. Kullum sai ta tambaye ni ko komai lafiya, ni kuma in ce lafiya lau. A gida kuwa ƙannena suna canza Yuro 280 ɗin da ake ba ni duk wata zuwa naira a ka, kowa da buƙatarsa.

In yi musu magana ne, in haƙura har shekarar ta cika, ko in nemi wani gidan?

Hajiya Binta: Wa alaikumus salam 'yata. Ni ban san Jamus ba, amma na san zaman gidan wani. Mutanen da suka tufatar da ke suka kuma kula da abincinki ba na yarwa ba ne. Shekara ɗaya ce fa, kamar yau ne. Ki yi haƙuri, kada ki yi abin da zai taɓa miki takardu. 'Yan mata nawa ne ke neman irin wannan dama ba su samu ba? Allah Ya ba ki juriya.

Rahina: Hajiya, Allah Ya ƙara girma, amma a nan zan saɓa miki kaɗan. Ni ma da o-peya na shigo, a kusa da Hamburg, yanzu ina koyon aikin jinya.

Ummu ƙanwata, wannan zama yana da ƙa'ida a rubuce, hukumar ayyuka ta tarayyar Jamus ce ta fitar, kuma ita ce a cikin yarjejeniyar da kika kai ofishin jakadanci kafin a ba ki biza. Aikinki kada ya wuce awa 30 a mako, kada kuma ya wuce awa 6 a rana. Zaman daren da kike yi da na'urar nan a ɗakinki aiki ne, yana cikin lissafin. Kina da hutun kwana ɗaya da rabi duk mako, da darare huɗu naki na kanki. Wanda ya yi shekara cikakkiya yana da hutun mako huɗu da kuɗinsa. Bayan Yuro 280 ɗin, su ne za su biya miki inshorar lafiya, su ba da Yuro 70 a wata na makarantar yare, da kuɗin motar zuwa. Dole ne su bar miki lokacin zuwa darasi da na ibadarki. Aikin gida kuma mai sauƙi aka ce, irin wanda babbar ɗiya za ta yi a gidansu. Goge tagogin gida gaba ɗaya da wanke banɗakin masu gida kullum aikin mai shara ne, ita kuwa da awa ake biyanta.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Mu an tarbiyyantar da mu a kan kawaici. Babba ya sa ki aiki, ki yi shiru ki yi, shi kuma in mai hankali ne zai karanci fuskarki ya sassauta. Bajamushiya ba ta karanta fuska. In ta ce komai lafiya kika ce lafiya lau, ta ɗauka har zuciyarki haka ne, gobe ta ƙara layi ɗaya a takardar firij da zuciya ɗaya. Ina kyautata zaton matar nan ba ta taɓa zama ta tara awoyinki ba. Matsalar kita ce ta faɗo musu, suka ga kina ɗauka ba ƙorafi, sai suka bar miki. A wurinsu faɗin abin da ke damunki ba rashin kunya ba ne. Abin da ke ɓata musu rai shi ne su ji daga baya cewa kin daɗe kina ƙullace da su ba ki faɗa ba.

Ki samu ɗan littafi, ki yi mako biyu kina rubuta lokacin da kika fara da lokacin da kika gama, da abin da kika yi. Sai ki ce musu kina son ku zauna ku ukun ranar Lahadi da dare bayan yara sun kwanta. Kada ki tare ta a bakin ƙofa tana sauri. Ki ajiye littafin da yarjejeniyar a kan tebur. Mutanen nan suna girmama abin da ke rubuce fiye da hawaye.

Batun autan kuwa nauyin iyayensa ne. Tun watan Agustan 2013 doka ta ba kowane yaro da ya cika shekara ɗaya haƙƙin samun wurin reno, in babu kita akwai matan da ke raino a gidajensu da rana. Su bi ofishin kula da yara na gundumarsu. Ba ke ce za ki zame musu kita ba.

Malam Sani: Baiwar Allah, zan taɓa ɓangaren addini kawai. Karen kada ya sa miki waswasi. A mazhabar Malikiyya da muka tashi a cikinta, duk dabba mai rai tana da tsarki, har da kare da yawunsa, don haka in ya goge ki ba sai kin canza kaya kafin salla ba. Ki dai roƙe su kada ya riƙa shiga ɗakinki, ki ware dardumarki.

Salla kuwa 'yan mintuna ce. A wannan lokaci la'asar na shiga tun wajen ƙarfe biyu da wani abu, ki riƙa yi kafin ki fita ɗauko yaron, ki zauna da alwalarki, magariba ki yi da zarar kun shigo gida. Naman alade ki faɗa musu kai tsaye cewa ba kya dafawa. Mutumin da ya tafi shagon Turkawa dominki ba zai ƙi fahimtar wannan ba. Ki yi maganar azumi ma tun yanzu, don su san za ki riƙa tashi sahur, kada su ji motsi a kicin da asuba su firgita.

Fati 'yar Kumasi: Duk abin da Rahina ta faɗa haka yake, sai dai ni na yi maganar ba ta yi amfani ba. Gidan farko da na zauna, muka zauna da takarda da komai, aka gyara na ɗan lokaci, aka koma gidan jiya. Na canza gida, na biyun kuwa har yau muna zumunci. Don haka ki shiga zaman da sanin cewa kina da mafita, zai ba ki ƙarfin gwiwa.

Yarjejeniyar ana iya warware ta da sanarwar kwana 14, a rubuce. Amma ki bi a hankali. Kada ki tattara kaya ki fice cikin fushi, domin izinin zamanki a kan aikin o-peya aka ba ki shi. Ki fara samun sabon gida, ku sa hannu, ki sanar da ofishin baƙi na garinku. Canza gida ba ya ƙara miki lokaci, duka-duka wata 12 ne. In ta hannun wani kamfani kika zo, ki kira su, aikinsu ne sasantawa. In da kanki kika samo gidan ta intanet, ki nemi ofishin JMD mafi kusa, suna ba matasa baƙi 'yan ƙasa da shekara 27 shawara kyauta. Akwai kuma ƙungiyoyin IN VIA da vij, sun daɗe suna harkar 'yan o-peya.

Za ki haɗu da masu ce miki ki zo ki yi shara a wani gida ko kitso a biya ki a hannu. Kada ki soma, bizarki ba ta yarda da wani aiki ba, in aka kama ki zai ɓata miki duk abin da za ki nema nan gaba. Fasfonki kuma ya kasance a hannunki, ba wanda ke da ikon riƙe miki shi. In wani a gidan ya taɓa yi miki abin da bai dace ba, wannan ba batun sanarwar kwana 14 ba ne, ki kira 116 016, layin taimakon mata ne, dare da rana.

Hajiya Binta: To tunda akwai doka a rubuce, ta nemi haƙƙinta. Ni dai roƙona ta fara da godiya, ta ambaci alherin da suka yi mata, kada ta ɗaga murya. Hannunka mai sanda ya ishi mai hankali.

Yaya Abdul: Ni abin da ya fi tsaya min a rai shi ne darasin da kike rasawa, ƙanwata. Yuro 280 ba albashi ba ne, ba kuma don shi kika zo ba. Ki cire kuɗin waya da man shafawa da takalmin sanyi ki ga abin da zai rage. Ribar wannan shekara gaba ɗaya ita ce yaren. Da A1 kika shigo, wato matakin farko na iya Jamusanci. In kika fita da matakan gaba, B1, ko B2 in Allah Ya taimaka, ƙofofi a buɗe suke: aikin sa-kai na shekara ɗaya da ake kira FSJ ko BFD a asibiti ko gidan tsofaffi ko kita, daga nan koyon sana'a. Na jinya shekara 3 ne, yawancin makarantu B2 suke nema, kuma tun shekarar farko ana biyan sama da Yuro 1,000 a wata kafin a cire abin cirewa. In kuwa kika ƙare shekarar a jikin teburin guga, watan Agusta zai zo ba ki da komai a hannu. Ki fara neman gurbi tun bayan sabuwar shekara, takardu a ƙasar nan ba sa sauri.

Na gida kuma ki kira Mama ita kaɗai, ki lissafa mata abin da ke shigowa da abin da ke fita, ki gaya mata inda kike son kaiwa. Ita za ta tsawatar wa ƙannen. Uwa ta fi son jin gaskiya da a riƙa turo mata abin da aka matso da ƙyar.

Ummulkhairi: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na ɗauko yarjejeniyar na duba, awa 30 ɗin na nan a rubuce, har da sa hannunsu su biyun. Na fara rubuta awoyin daga yau. Anti Rahina, Jamusancina bai kai na doguwar magana ba, ina tsoron in fara in kakare, ko hawaye su zo min.

Rahina: Ki rubuta abin da za ki faɗa tun kafin ranar, gajerun jimloli, ki nuna wa malamarku ta gyara miki, ki karanta musu daga takardar. Ba abin kunya ba ne a wurinsu. In Turanci ya fi miki sauƙi kuma suna ji, ki yi da shi. Abu uku kawai za ki nema a wannan zaman: a tsara mako yadda ba zai wuce awa 30 ba, ranakun darasi su zama naki har da lokacin bas, a cire tagogi da banɗakinsu daga takardar firij. Duk abin da kuka amince ku rubuta shi a sabon jadawali, ku sa ranar da za ku sake zama ku duba bayan wata ɗaya. In hawaye sun zo ki sha ruwa ki ci gaba da karatunki. Ki turo min abin da kika rubuta ta akwatin sirri kafin Lahadin, zan duba miki bayan na tashi daga aikin dare.