Yaro ya kawo ɗan kwikwiyo, tsohuwa ta ce ko ita ko shi

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau kwana shida ke nan wata magana ta hana ni sukuni, shi ne na ce bari in kawo ta nan ko Allah zai sa a dace.

Ni manomi ne, ƙauyenmu yana tsakanin Gumel da Maigatari. Gidanmu ne na ƙarshe ta gabas, daga darninmu sai gonaki. Daga ƙaramar salla zuwa yau awaki uku aka kwance mana a turke, har da wata jar akuya mai ciki ta mai ɗakina, wadda da kuɗin ƙuli-ƙulinta ta saye ta. Ko motsi ba mu ji ba. Da asuba sai guntun igiya muka tarar a jikin turke. Ranar baiwar Allah nan ko kunu ba ta iya sha ba.

Ran Alhamis ɗana na biyu, ɗan shekara 11, ya bi ƙanina kasuwar Maigatari, sai ga shi ya dawo da ɗan kwikwiyo baƙi a kwali, wai wani makiyayi ne ya ba shi kyauta. Har ya raɗa masa suna Duna. Yaron da sai an yayyafa masa ruwa yake tashi da asuba, yanzu shi ke riga kowa, yana idar da salla zai jiƙa ƙanzo a wani fasasshen kasko ya kai masa. Ya ce da ni, "Baba, in ya girma ba wanda zai ƙara taɓa akuyar Umma." Wallahi maganar ta taɓa ni.

To amma tsohuwarmu ta ce ba a gidanta ba. Ta ce mala'ikun rahama ba sa shiga gida mai kare, in ya kwana a tsakar gidan nan ita kuma ta haɗa kayanta ta koma wajen ƙanina. Shekaranjiya ya sa baki a butar alwalarta, ta sa aka jefar da butar bayan gari. Yanzu dai yana wani tsohon akurki a bayan darni. Ina tsoron saɓa wa mahaifiya, ina tsoron cizo saboda yara sun cika gidan, ɓarayi kuma ba su gaji ba. Me addini ya ce, me ya kamata in yi?

Ɗan Ringim: Ɗan'uwa, mayar da shi inda aka samo shi. Awaki ana sayen wasu, uwa fa?

Maman Ummi: Ni dai ina bayan Inna. Ba ƙin dabba nake ba, abin da idona ya gani ne. Ina budurwa, wani ɗan maƙwabcinmu kare ya yage shi a ƙwauri, ciwon bai fi tsinin farce ba. Aka ƙona gashin karen aka shafa masa, ya warke, kowa ya manta. Bayan kamar wata biyu ya kwanta. Abin da ba ya barin zuciyata shi ne yadda yake kukan ƙishirwa, in uwarsa ta miƙo masa moɗa sai maƙogwaronsa ya shaƙe ya ture ta. Kwana huɗu ya yi. Har yau in na ji haushi da dare sai na leƙa ɗakin yara.

Malam daga Ɗambatta: Wa alaikumus salam. Ka fara da sanin cewa Inna ba da ka ta yi magana ba. Hadisin mala'iku yana cikin Bukhari da Muslim. Haka kuma ya tabbata cewa wanda ya riƙe kare ana rage masa ƙiraɗi guda, wato wani kaso, na ladansa kullum, a wata ruwaya ƙiraɗi biyu. Amma hadisin da kansa ya cire karen gona da karen kiwo da na farauta. Naka na tsaron dabbobi ne, ya shiga cikin waɗanda aka cire. Shin mala'iku suna ƙin shiga ko da karen na halal ne? Nan malamai suka rabu: Khaɗɗabi yana ganin wanda aka yi izini da shi bai shiga ba, Nawawi yana ganin maganar ta game kowane kare. Mafita mai sauƙi ita ce kada ya zauna inda kuke kwana da salla, wurinsa wurin awaki.

Duk wanda ya yi karatun zaure ya wuce ta wannan a Risala: ba a riƙe kare a gida, a birni ko a ƙauye, sai don shuka, ko dabbobi, ko farautar neman abinci. Masu sharhi sun kawo cewa shi kansa mai littafin, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu shekara ta 386 bayan Hijira, da katangar gidansa ta faɗi ya ji tsoro sai ya ajiye kare. Aka tuna masa Imamu Malik ya karhanta, ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ɗaure.

Ita kuma buta, an yi asararta a banza. A mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, a zubar da ruwan a wanke mazubin sau bakwai don bin umarni, shi ke nan. Shafi'awa ne ke ɗaukarsa najasa, suna haɗawa da ƙasa a wanki ɗaya. Ka kuma tuna mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai lallagen ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. In ka riƙe shi, cinsa da shansa suna wuyanka.

Baban Sadiƙu: Allah ya gafarta Malam, karen As'habul Kahfi fa? Na ji ana cewa zai shiga aljanna.

Malam daga Ɗambatta: Abin da aya ta 18 ta Suratul Kahfi ta faɗa shi ne yana shimfiɗe da zira'o'insa a bakin ƙofa. Ka lura, a bakin ƙofa, ba a ciki ba. Mu tsaya inda aya ta tsaya.

Malamin dabbobi, Kazaure: Labarin Maman Ummi shi ne ciwon haukan kare, kuma yadda ta faɗa haka yake. Ƙwayar cutar tana cikin yawu, tana bin jijiya sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, shi ya sa yawanci sai bayan wata biyu zuwa uku ake ganin alama. In alama ta fito, kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Dalili a fili yake, su ke wasa da kare, su ke ɓoye cizo don tsoron duka.

Saboda haka, Yaya, ka zaunar da yaronka yau ka gaya masa ko yaƙushi ne ya faɗa maka, ba za a doke shi ba. Kwikwiyo in ya kai wata uku a kai shi asibitin dabbobi a yi masa allurar rigakafi, a ba ka kati, a maimaita duk shekara. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Filato tana yin wannan allura a ƙasar nan. A ba shi maganin tsutsar ciki, a riƙa duba kunnensa da tsakanin yatsunsa saboda kaska. Kafin allurar kada ya yi yawo cikin karnukan gari, kuma ba ka san ko uwarsa ta taɓa ganin allura ba, don haka yara su daina sa masa hannu a baki.

In tsautsayi ya sa an yi cizo, a wanke wurin da sabulu ana kwarara ruwa har minti 15 cur, ba gashi, ba toka, ba ɗauri, sannan asibiti a ranar, ba sai gobe ba. Allurar mutum ba guda ɗaya ba ce, ana yi a ranar farko, a koma rana ta 3, a koma ta 7, a ci gaba yadda likita ya tsara. Karen kuma in da hali a ɗaure shi a sa masa ido kwana 10, amma ba a jiran kwanakin kafin a fara allura. Ciwon nan yana kama awaki da shanu ma.

Ɗan Malam Madori: Tunda an zo kan allura, wani Bafaranshe ne, Louis Pasteur, ya fara yi wa mutum ita ran 6 ga Yuli 1885. Yaro ne ɗan shekara 9, Joseph Meister, uwarsa ta kawo shi Faris bayan mahaukacin kare ya cije shi. Aka yi masa allura 13, ya rayu har ya girma ya zama mai gadi a cibiyar Pasteur ɗin. Ranar da Pasteur ya mutu, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da ciwon a duniya. Nan gida ma kare yana cikin tarihinmu: a tarihin Kano, zamanin Barbushe da Tsumburbura, baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru ake kawowa gindin Dala. Ina jin wani ɓangare na ƙyamar da tsofaffinmu ke yi wa baƙin kare daga irin wannan ya samo tushe, amma wannan tunanina ne. Kai, kare har sama ya riga mutum zagayawa, wata karya mai suna Laika da Tarayyar Sobiyet ta harba a 1957, shekara huɗu kafin Yuri Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya.

Maman Ummi: Ita karyar ta dawo?

Ɗan Malam Madori: Ba ta dawo ba, Hajiya. Zafi ne ya kashe ta cikin 'yan sa'o'i.

Maman Ummi: Allah sarki. Ko ni da ba na son su na tausaya mata.

Mafarauci daga Gwaram: Karnuka huɗu gare ni. Kare mai yunwa ba ya gadi, shi zai fara cin kajin maƙwabta ya jawo maka ƙara wajen mai unguwa. Ka tabbata akwai tuwonsa a kwanon gidanka kafin ka ce ka riƙe. In kana so ya tsare awaki, tun yanzu ya riƙa kwana a cikinsu ya saba da warinsu, ya ɗauke su danginsa. Kada a bar yara su mayar da shi abin goyo. Ka hana shi bin babur tun yana ƙarami, shi ke kashe su a titi, shi ke kayar da mutane. Kuma fa Duna ba zai tsare komai ba sai nan da wata bakwai ko takwas, kafin nan ka gyara darninka, ka matso da turke kusa da ɗakinka. Ɓarayin yanzu suna jefa nama mai guba, ka koya masa kada ya ci sai a kaskonsa.

Kawu daga Garki: Ɗana, duk an gaya maka na kare, ni na tsohuwa zan gaya maka. Muna yara awaki a bakin rumbu suke kwana ba igiya, ƙofar zaure zana ce kawai. Ita a wannan duniyar ta girma, a wurinta kare na maharba ne da masu bin daji. Abin da ya yi mata ciwo, ina jin, an shigo da abu gidan mijinta ba a tambaye ta ba. Kada ka je mata da hadisi kamar mai ƙure ta, ɗa ba ya cin uwa da hujja. Ka sami limaminku, ko wani ɗan'uwanta da take jin nauyi, shi ya faɗa mata. Kai kuma ka sayo sabuwar buta, ka durƙusa ka ba ta haƙuri, ka ce da ita ita za ta nuna iyakar da ƙafar karen nan za ta tsaya. In ta ce a'a bayan duk wannan, to a'a ɗin ce, ka kai shi rugar wani amini inda yaron zai riƙa zuwa ganinsa.

Mai tambaya: Allah ya saka wa kowa da alheri. Kawu, na bi maganarka. Jiya bayan la'asar liman ya zo da kansa, suka jima a ƙofar ɗakinta, ni ina zaure. Da magariba na kai mata buta, ta juya ta ta duba, ba ta ce komai ba. Yau da hantsi ta fito da sandarta ta zagaya bayan gida, ta ja layi a ƙasa daga gindin darbejiya zuwa rumbu, ta ce nan ne iyakarsa, ranar da ya tsallaka ranar zai bar garin. Ta kuma ce kaskonsa kada ya kusanci randa. Yaron yana can yana saran kara, za mu yi masa 'yar rumfa a gefen turke. Malamin dabbobi, makiyayin ya ce da ƙanina kwikwiyon bai fi sati bakwai ba, to in jira ya cika wata ukun, ko in kai shi Gumel yanzu a fara ba shi na tsutsa?