Wane editan heks ne ke buɗe faifai kai tsaye daga baƙin allo?

Ɗan Nima:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Kwamfutar da ke shagona tana ɗauke da Debian, wani nau'in Linux, kuma ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, kaɗai nake shigarta, don haka babu linzami, sai rubutu zalla. An kawo mini faifai mai girman terabait 1 wanda teburin rabe-rabensa ya lalace, ina so in buɗe /dev/sdb, sunan da kwamfutar ta ba faifan, da editan heks, wato shirin da ke nuna baitoci a matsayin lambobi, in duba baitocinsa in gyara da hannu. Na gwada editan rubutu vim da xxd mai juya baitoci zuwa heks, amma vim yana neman ɗora faifan gaba ɗaya cikin RAM. Wane shiri ne ya dace da wannan aiki?

Malamin Aboabo:
Wa alaikumus salam. Ka saka hexedit, yana cikin ma'ajiyar Debian. Ba ya karanta faifan duka, iyakarsa ɓangaren da kake kallo, shi ya sa girman faifai ba ya damunsa. Ka buɗe shi da sudo hexedit -s /dev/sdb domin ya jera maka bayanan sekta-sekta, wato ƙananan yankunan da aka kasa faifai. Idan faifan na MBR ne, wato tsohon tsarin teburin rabe-rabe, teburin yana farawa daga bait na 446 a sekta ta farko, gurbi huɗu masu bait 16 kowanne, sannan baitoci biyu na ƙarshen sektar dole su kasance 55 AA. Maɓallin F2 yana adana canji, Ctrl-C kuma yana fita ba tare da adanawa ba.

Hajiyar Mamobi:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai ni ba zan taɓa faifan mutane ba sai na kwafe shi. Aƙalla ka ajiye sektar farko da dd if=/dev/sdb of=mbr.img bs=512 count=1, kuma ka tabbatar da lsblk, umarnin da ke jera faifai, cewa sdb ɗin nan shi ne faifan da kake nufi, domin haruffan na iya sauyawa bayan an kashe an kunna, balle dumso ya ɗauke wuta ana tsakiyar aiki. Idan kuma ka ga "EFI PART" a sekta ta biyu, faifan na GPT ne, sabon tsarin teburi, wanda ke da lissafin gano kuskure na CRC32 da kwafin teburi a ƙarshen faifai. Gyaran hannu zai ɓata lissafin, gara ka bar wa shirin gyaran teburi irin gdisk ko testdisk.

Ɗan Nima:
Na gode, Malam da Hajiya. Na buɗe da hexedit na tarar da "EFI PART" a sekta ta biyu, saboda haka na fita da Ctrl-C. Yanzu gdisk ya maido da teburin daga kwafin ƙarshe, rabe-raben duka sun bayyana.