Karya ta fake a kangon layinmu, ta ina zan fara?

Baban Sadiq:
Assalamu alaikum. Wata karya ce ta fake a wani kango a layinmu nan Hayin Dogo, Zariya, yau kwana biyar. Ta rame har ana ƙirga haƙarƙarinta, gashin bayanta ya zube, kunnuwa cike da kaska. Ba ta haushi, ba ta bin kowa, yara ne ma ke jifanta. So nake in yi jinyarta na ɗan lokaci, sannan in nema mata mai riƙo, don gidan haya nake. Masana, ta ina ake farawa?

Dakta Samaru:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba da lada, Malam, amma kada ka kai mata hannu tukuna. Shirun nan nata shi ne abin dubawa. Ciwon haukan kare iri biyu ne: akwai mai faɗa da cizon duk abin da ya tarar, har itace da dutse, akwai kuma mai sanyi, wanda kare zai lafe, muƙamuƙinsa ya saki, yawu na dalala, murya ta dushe, daga baya ƙafafun baya su shanye. Na biyun ne ke yaudarar mutane, sai a ɗauka ƙashi ne ya maƙale masa a wuya, a zura hannu a baki. Shan ruwa kuma ba shaida ba ce, tsoron ruwa a mutum ake ganinsa.

Ka yi kwana biyu kana ajiye mata ruwa da abinci a wuri ɗaya, lokaci ɗaya, ka ja baya ka lura. In tana lasar ruwa tana haɗiyewa, tafiyarta ba tangaɗi, to sai kamu. Tsuguna ta gefe, kada ka zuba mata ido, ka zarga mata igiya mai zarge a wuya, ka yi mata takunkumi da bandeji: zagaye baki sau biyu, ɗauri a ƙarƙashin haɓa, sannan a bayan kunnuwa. In tana amai ko haki, ban da takunkumi. Daga nan sai Asibitin Koyarwa na Dabbobi na ABU, ga shi kusa da kai, a auna nauyinta, a duba jini, a yi mata rigakafin hauka a ba ka kati.

Inda aka fi kuskure shi ne maganar tsare kare a lura da shi kwana 10. Lissafin cizo ne: in kare ya ciji mutum, karen kuma ya cika kwana 10 lafiya, to ranar cizon babu cutar a yawunsa. Bai nuna babu ita a jikinsa ba, don takan ɓuya makonni, wani lokaci har wata shida, allura kuma ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu. Saboda haka a killace ta, yara su yi nesa.

In ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15, a sa ayodin, a tafi asibiti ranar, na koyarwa da ke Shika ko na Gambo Sawaba. Kada a zauna jiran kwana goman, allurar farko ranar ake yi.

Maman Hanan:
Zan ƙara kan abinci, don tausayi kan kashe irin wannan. Karen da ya daɗe da yunwa, in aka cika masa kwano rana ɗaya, gudawa ce da amai, wani ma gishirin jininsa ya rikice zuciya ta tsaya. Ranar farko kashi ɗaya cikin uku na abin da za ta ci in tana lafiya, a raba shi sau huɗu ko biyar. Ana ƙarawa kaɗan-kaɗan har a cika cikin mako guda. Dafaffen ƙwai, naman kaza ko kifi da aka cire wa ƙaya, da 'yar shinkafa ko tuwo. Ban da miya mai albasa da tafarnuwa, suna fasa ƙwayoyin jini, ban da dafaffen ƙashin kaza, ban da madara. Ruwa kuwa kullum yana gabanta. Mai kilo 12 takan sha wajen mililita 700 a yini, fiye da haka in zafin Afrilu ya kama.

Tsutsar ciki: fenbendazole miligiram 50 kan kowane kilo, kwana uku a jere, da praziquantel miligiram 5 kan kilo saboda tsila, a maimaita bayan mako biyu. Ɗaga leɓenta ka duba dasashi. In fari fat ne maimakon ja-ja, jini ya yi ƙasa, sau da yawa cutar kaska ce, wannan sai gwaji. Kumburi mai ɗan rami a tsakiya kuma tsutsar ƙuda ce: toshe ramin da basilin, ta leƙo, a matse ta fito ɗungurungum.

Baban Sadiq:
Na gode ƙwarai. Wani makwabci ya ce in shafa mata baƙin mai, ko in diga fiya-fiya a ruwan wanka.

Dakta Samaru:
Ko kusa. Baƙin mai na ƙona fata, ta lashe ya illata mata hanta da ƙoda. Fiya-fiya da Sniper guba ne da ke ratsa fata. Ibuprofen da paracetamol na mutane su ma a ajiye su. Zubewar gashin in ƙazuwa ce, sai an kankaro fata an duba a madubin likita a san irinta. Akan yi wanka da amitraz mai ƙarfin kashi 12.5, mililita 2 a litar ruwa, da safar hannu, a waje, ba a ɗauraye ba. Ba a yi wa ƙaramin kwikwiyo ko wadda ta galabaita sosai. Maganin ivermectin kuwa, likita ne zai auna. Wata ƙazuwar na kama mutum, a dafa tsumman kwanciyarta.

Alhaji Na Tudun Jukun:
Ni maganar mai riƙo zan yi, ɗana. Kada ka bayar da ita sai ta murmure, mako shida zuwa takwas, an kuma cire mata mahaifa. Karya na neman namiji kusan sau biyu a shekara, ciki kwana 63, ka ga matsala ɗaya ta zama shida. A duba gabanta kuma, karnukan titi na yawan ɗaukar wani tsiro mai zubar da jini ta hanyar barbara. Yana jin magani, allura ce mako-mako.

Masu buƙata suna nan: masu gidan gona ta hanyar Shika da Giwa, masu kaji, mafarauta, makiyaya. Gadi da farauta da kiwo malamai ba su hana ba, a dai ware mata kwanonta. Abin tsoro shi ne wanda zai ce kawo ba tare da tambaya ko ɗaya ba. Akwai dillalai da ke tara karnuka su yi lodinsu zuwa kasuwar Dawaki ta Filato, can nama ne. Je ka ga gidan da idonka: akwai inuwa, akwai katanga, wa zai riƙa ba ta abinci, matar gidan ta yarda? Wanda zai ɗaure ta da guntuwar sarƙa a rana, a bar shi. Ka miƙa masa katin, ka faɗa masa gaskiya cewa daga titi ta fito, a lura da ita har wata shida, allurar hauka kuma duk shekara. Makon farko a tsare ta a gida, in ba haka ba kangon nan za ta komo. Ku yi sharaɗi a gaban mai unguwa cewa in ya gaji, kai zai maido wa.