Zan kunna _TIME_BITS=64 a na'urorin armhf (ARM 32-bit), ko in haƙura?

Bakin_Allo: Assalamu alaikum. Muna da na'urorin auna zafi masu ARM 32-bit, kernel ɗin Linux 5.10, glibc 2.36 (babbar laburaren C, wato kod ɗin da manhajoji ke dogara da shi), kuma za su ci gaba da aiki har bayan 2038, shekarar da time_t mai 32-bit, ma'aunin da ke ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi, zai cika ya juye. Ina son ƙara -D_TIME_BITS=64 da -D_FILE_OFFSET_BITS=64 a CFLAGS, wato tutocin da ake gina manhaja da su, don time_t ya zama 64-bit. Damuwata laburare guda ce ta kamfanin da ya sayar mana da kayan, ba su ba mu kod ɗinta ba. Wa ya taɓa yi?

Ɗan_Waya: Ku koma musl kawai, wata laburaren C ce madadin glibc. Tun 1.2.0 a 2020 time_t ɗinsa 64-bit ne.

Bakin_Allo: Malam, glibc na ce, kuma laburaren da glibc aka gina ta.

Tsohon_Hannu: Ɗan'uwa, kada ka taɓa sai ka duba ko akwai time_t ko struct timeval (tsarin bayanai mai ɗauke da time_t) a headers ɗinsu, fayilolin da ke bayyana yadda ake kiran laburaren. Mu haka ta ritsa da mu. Komai ya ginu lafiya lau, ko gargaɗi ɗaya babu. Manhajarmu tana miƙa time_t mai bait 8, tasu tana karanta 4, sauran filayen struct ɗin duk suka goce. Sai da na'urori suka je hannun kwastomomi rajista ta fara nuna kwanan wata na hauka. Muka kira kamfanin, wai sun daina kula da wannan samfurin. Watanni muka kwashe muna rubuta abin da zai tsaya tsakani, kuma mu aka ɗora wa laifi.

Uwar_Kod: Watanni kuma? Aikin yini ɗaya ne in kana da Autoconf 2.72, manhajar shirya gina kod, umarninta AC_SYS_YEAR2038 zai kunna maka tutocin. Allon na'ura (board) mai 64-bit ma yanzu ya yi araha.

Tsohon_Hannu: Hajiya, allon ne mai araha. Kuɗin tura ma'aikaci ya kwance kowace na'ura fa?

Mai_Barkwanci: Ni dai kafin ƙarfe 03:14:07 agogon UTC na 19 ga Janairun 2038, daƙiƙar ƙarshe da time_t mai 32-bit ke iya ƙirgawa, na yi ritaya in sha Allah. Magajina ya ji da 1901, shekarar da agogon zai koma.

Uwar_Kod: Debian, ɗaya daga cikin tsarukan Linux, ta yi wannan sauyin a 2024 ga armhf da armel (nau'o'inta na ARM 32-bit), ta liƙa wa laburarori t64 a suna, ta bar i386 (na kwamfutocin PC masu 32-bit) yadda yake. Bin sawunsu ya fi bin labarin mutum ɗaya.

Tsohon_Hannu: Debian tana da kod ɗin komai, shi ya sa. Kin taɓa tura sabuntawa ga na'urar da ba ki iya taɓawa da hannu?

Ɗan_Waya: Ku kuna ma da sa'a da 5.10. Namu kamfanin ya kafe mu a 4.9, alhali syscalls na time64, hanyoyin da manhaja ke neman lokaci mai 64-bit daga kernel, sai a 5.1 suka shigo. Ko mun kunna tutar, glibc tsofaffin za ta koma wa. Direban allo a rufe, ba damar ɗaga kernel.

Tsohon_Hannu: Halinsu ke nan duka. Su sayar maka, su ɓace.

Bakin_Allo: Na duba, akwai struct timeval a callback ɗaya, wato kod ɗinmu da laburaren ke kira. To yanzu fa?

Ɗan_Waya: Akwai wanda ya taɓa matsa wa irin waɗannan kamfanoni da GPL, lasisin Linux da ya wajabta bayar da kod, har suka saki kod ɗin kernel?